Makonni uku na farko a masaukin masu fasaha

Yau kwana 19 ke nan da na sauka a wannan gida da ke tsakiyar gonaki, inda aka ba ni ɗakin kwana da ɗakin aiki na tsawon wata biyu, kuma sai a wannan makon nake iya cewa na fara aiki ba tare da na ji ina ƙara wa maganar gishiri ba. Gidan yana daga cikin wuraren da ake kira masaukin masu fasaha, wato inda ake karɓar mai zane ko marubuci ko mai tsara kiɗa ko mai sassaƙa na wani ɗan lokaci, a ɗauke masa nauyin ci da kwana, a bar shi da aikinsa kawai. Mu biyar ne a wannan zangon. Ni mai zane ce, akwai marubuta biyu, da wani mai sassaƙa itace, da wata mai ɗaukar hoto, kuma ɗakin kowannenmu yana nesa da na ɗan'uwansa ta yadda ko tari mutum ya yi babu mai jin sa.

Shekara 11 ke nan ina zane, amma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa mallakar yini guda daga safiyarsa har darensa ba. Ina koyarwa a makaranta, ina kuma da hidimar gida, saboda haka zanen da nake yi a cikin guntayen lokaci nake yin sa: minti 40 kafin gari ya gama wayewa, awa guda bayan kowa ya kwanta, wani lokacin kuma rabin ranar hutu idan ba a yi baƙi ba. Da na zo cike takardar neman gurbi, na rubuta cewa idan aka ba ni wata biyu zan kammala manyan zane-zane 12 a kan yadda haske ke sauyawa a buɗaɗɗen fili, kuma da zuciya ɗaya na rubuta haka, domin lissafin da na yi mai sauƙi ne: idan da minti 40 ina iya yin kaza, to da awa takwas zan yi ninkinsa sau 12. Na zo da akwatin fenti, da burushi iri-iri, da naɗin takarda mai kauri, da littafin da na cika da ƙananan zane na gwaji, ina ganin babu abin da ya rage sai in buɗe ƙofa in kama aiki.

Matar da ke kula da gidan ce ta raka ni ɗakin aikin a yammacin da na iso. Tsohon ɗakin ajiyar kayan gona ne aka gyara, aka yi masa doguwar taga ta ɓangaren da rana ba ta shigowa kai-tsaye, domin hasken da ke sauka a kan takarda ya zauna daidai tun daga hantsi har yamma, kada launi ya riƙa yaudarar ido. Akwai dogon tebur, da famfo a kusurwa, da daɓen da ɗigon fentin waɗanda suka riga ni ya yi wa dabbare-dabbare. Ta miƙa mini mabuɗi, ta faɗa mini ƙa'idar gidan, wadda ba ta da yawa: daga safe zuwa la'asar babu mai ƙwanƙwasa wa wani ƙofa, abincin rana a bakin ƙofa za a ajiye shi a tafi, da dare kuma a haɗu a ci tare. Sai ta ƙara da cewa, "Malama, a nan babu wanda zai tambaye ki abin da kika yi yau." Na ji daɗin maganar a lokacin, amma kafin mako ya zagayo ta zama abin da ya fi komai yi mini nauyi.

Wannan ƙa'ida ta barin mutum da ƙofarsa ba a gidan nan aka ƙirƙire ta ba. A shekarar 1907 wata mai kaɗa piyano, Marian MacDowell, ta buɗe wa masu fasaha gonarsu da ke garin Peterborough a jihar New Hampshire ta Amurka, domin mijinta Edward, wanda mai tsara kiɗa ne, ya lura cewa ya fi samun aiki mai kyau a wani ƙaramin ɗakin katako da ke cikin dajin gonar, ya kuma so wasu su samu irin wannan dama. Ya rasu a farkon 1908, ita kuwa ta shafe shekaru masu yawa tana zagaya garuruwa tana kaɗa piyano tana jawabi domin tara kuɗin gina ɗakunan aiki ɗaya bayan ɗaya. Har yau a can cikin kwando ake kai wa mutum abincin rana a ajiye a bakin ƙofa, kuma ba a zuwa ɗakin wani sai da gayyata. A Yaddo, gidan da ke Saratoga Springs a jihar New York, wanda Spencer da Katrina Trask suka ƙudura mayarwa masauki bayan sun rasa 'ya'yansu huɗu duka suna ƙanana, kuma ya fara karɓar baƙi a 1926, an ware daga ƙarfe 9 na safe zuwa 4 na yamma a matsayin lokacin shiru. Tunanin tura mai fasaha wani wuri a ɗauke masa ɗawainiya ya girmi waɗannan duka, domin tun 1666 Faransa ta kafa makarantarta a birnin Roma, inda take aika matasan da suka ci gasa su yi shekaru suna koyo, sai dai wancan tsari ne na hukuma, mai aikin dole da ake aikawa gida a duba. Abin da gidajen karkara suka zo da shi shi ne shirun kansa, ba tare da an ce sai an ga sakamako ba.

Na karanta duk wannan kafin in zo, amma gani ya kori ji. Safiyar farko na shimfiɗa takarda, na jera fenti, na fara, aikin kuma ya tafi daidai har wani ɗan lokaci, sai kawai na tsinci kaina a tsaye gaban famfo ina wanke burushi. Da na duba agogo, minti 40 da 'yan kai ne suka wuce. Babu wanda ya kira ni, babu ƙararrawar shiga aji, babu tukunya a kan wuta, amma hannuna ya riga ya rufe aikin kamar yadda ya saba rufe shi shekara da shekaru. Na koma na zauna, na sake ɗaukar burushin, sai na tarar babu abin da zan ƙara, domin duk shawarar da zanen ke buƙata na riga na yanke ta cikin gaggawa, na toshe duk hanyar da zai bi ya girma. Haka aka yi a rana ta biyu da ta uku da ta huɗu. Kowace safiya ina gama ƙaramin zane guda kafin hantsi ya dubi ludayi, sauran yinin kuma ya tsaya a gabana babu abin da na iya yi da shi. Na share daɓen da ba ya buƙatar shara, na sake jera fentin da ke jere, na yi ta sauraron ƙarar gatarin mai sassaƙa da iska ke kawowa jefi-jefi daga nesa, ina auna ƙwazonsa da zamana.

A rana ta biyar na jingina zane-zanen huɗu a jikin bango tare da hotunan tsofaffin ayyukana, na zauna ina kallonsu, kuma abin da na gani ya tayar mini da hankali. Duk shekarun nan ina gaya wa mutane, ina kuma gaya wa kaina, cewa salona shi ne ƙaramin zane mai saurin hannu, mai launi biyu ko uku a shimfiɗe, kuma cewa na zaɓi fentin akirilik ne saboda ina son kaifinsa. Gaskiyar ita ce akirilik yana bushewa cikin mintuna, fentin mai kuwa yana ɗaukar kwanaki, ni kuma ban taɓa samun kwanakin ba. Ƙanƙantar takardata daidai take da faɗin teburin da nake iya sharewa kafin a buƙace shi don wani abu. Saurin hannuna sauri ne na mai tsoron a kira ta. Abin da na ɗauka zaɓina ne na fasaha, ashe jadawalin rayuwata ne ya zaɓa mini shi tun ban sani ba. Ba na raina waɗannan ayyuka, domin da gumi na yi su kuma akwai gaskiya a cikinsu, amma ya zama dole in amsa cewa ban san irin mai zanen da zan zama ba idan aka ba ni yini cikakke, kuma lissafin ninki 12 da na rubuta ba shi da tushe. Awa takwas a jere wani abu ne dabam da minti 40 sau 12, kuma yana buƙatar hannun da ban horar ba tukuna.

Da dare a wajen cin abinci na faɗi kaɗan daga cikin wannan, cikin jin nauyi, domin ina tsammanin sauran sun yi nisa. Ɗaya daga cikin marubutan, dattijo ne da ya zauna a irin waɗannan gidaje sau da dama, ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce shi a makon farko ko littafinsa ba ya buɗewa, tafiya kawai yake yi har sai ƙafarsa ta san hanyoyin wurin. "Ki fita, 'yata," in ji shi, "ɗakin ba zai gudu ba." Mai ɗaukar hoton ta ce ita ma ba ta da ko hoto ɗaya da za ta iya nuna wa wani.

Washegari na ajiye burushi na fita. Wayata ba ta samun sabis sai a kan wani tudu mai nisa, saboda haka a ɗaki na bar ta. Na bi hanyar da ke ratsa gonaki zuwa rafi, kuma a rana ta uku ta wannan yawo, bayan an kwana ana ruwa, na iso wani kwazazzabo inda ruwan ya zaftare gefen tudu ya bar ƙasar a buɗe kamar an yanka ta da wuƙa. A sama akwai baƙar ƙasar noma, ƙarƙashinta jar ƙasa mai kauri, can ƙasa kuma wani siririn layi mai launin rawaya, mai laushi, wanda da na murza shi tsakanin yatsu ya bar mini launi a fata har bayan na wanke hannu a rafin. Na daɗe a tsugune a wurin. Shekara 11 ina matso launin rawayar ƙasa daga cikin bututu, na san kuwa a karance cewa daga ƙasa ake samun sa, amma ban taɓa ganin sa kwance a inda yake ba.

Gonar da kwazazzabon ke gefenta tana da mai ita, kuma ban ga dacewar in ɗebi ko cikin tafin hannu ba sai da izini. Na same shi washegari yana gyara kunyoyi, dattijo ne mai furfura. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ni baƙuwa ce a gidan masu zane, izini nake nema in ɗebi kaɗan daga ƙasar bakin rafin nan." Ya tambaye ni abin da zan yi da ita, na ce fenti zan haɗa. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce in ɗiba, amma kada in haƙa ta ƙarƙashin gaɓar, domin idan na rarake ta ruwa na gaba zai tafi da kunya biyu na gonarsa. Wadda ta riga ta zube zan kwasa. Ya ƙara da cewa rawayar da na gani tana da yashi da yawa, akwai wadda ta fi ta tsabta gaba kaɗan, inda rafin ya yi kwana, kuma bai tsaya kwatance ba, ya ajiye fartanya ya kai ni har wurin. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana juya wannan ƙasa ya san inda kowane launinta yake kwance da lokacin da ruwa ke tone shi, sanin da ba zan kai ba ko da zan shekara a nan.

Fitar da launi daga ƙasa aiki ne da ba ya karɓar gaggawa, kuma ina ganin dalilin da ya sa ya dace da halin da nake ciki ke nan. Da farko ana shanya ƙasar ta bushe, a tsince tsakuwa da saiwoyi, a daka ta, a tankaɗe da rariya. Sa'an nan a zuba garin cikin bokitin ruwa a dama sosai, a dakata kamar minti ɗaya. Yashi da duk wani abu mai nauyi zai nutse nan take, ƙwayoyin launi masu laushi kuwa su tsaya suna yawo a cikin ruwan. Wannan ruwa mai launi shi ake tsiyayewa a hankali cikin wani mazubi, a bar yashin a baya, sai kuma a jira. Jiran yakan kai dare guda, wani lokacin fiye, kafin launin ya kwanta ruwan da ke samansa ya yi garau. A zubar da ruwan, a maimaita wankin sau biyu ko uku idan ana son gari mai laushin gaske, daga nan a shimfiɗa lakar a kan faranti ta bushe a inuwa, a sake niƙa ta. Babu wani mataki a cikin waɗannan da za a iya tsallakewa ko a matsa masa, domin idan aka tsiyaye da wuri launin zai bi ruwa ya tafi, idan kuma aka yi jinkiri a farko yashi da launi za su kwanta tare. Daga bokiti guda na ƙasa, abin da na samu bai cika ƙaramin kofi ba.

Garin kaɗai bai zama fenti ba sai an haɗa shi da abin da zai riƙe shi a jikin takarda. Na jiƙa ƙaro, kashi ɗaya a cikin kashi biyu na ruwa mai ɗumi, na bar shi ya narke, na tace, na ɗiga zuma kaɗan domin kada fentin ya tsattsage idan ya bushe, sa'an nan na zuba garin a kan gilashi mai kauri ina murza shi da ruwan ƙaron, zagaye bayan zagaye, har sai ƙarar yashi-yashin da ke ƙarƙashin hannu ta ɓace ta koma santsi. Kunne ne ke fara gaya wa mutum cewa ya isa, kafin ido ya gani. A ranar da na fara wannan murza, da na ɗaga kai sai na tarar abincin da aka ajiye mini a bakin ƙofa ya huce tuntuni, rana ta karkata, awa huɗu sun wuce ban tashi ba. Shi ne karo na farko da hannuna bai nemi rufe aiki a minti na 40 ba.

Launin nan, a taƙaice, tsatsa ce. Rawayar da jar duka ƙarfe ne da ya haɗu da iskar oksijin, bambancinsu shi ne rawayar tana riƙe da ruwa a cikin ƙirarta, jar kuwa babu. Shi ya sa idan aka gasa rawayar ƙasa a zafin da ya kai kimanin digiri 300 a ma'aunin Salshiyos sai ruwan ya fita ta rikiɗe ta koma ja. Na gwada da cokali biyu a cikin wani tsohon kasko a kan garwashi, na tsaya ina kallon garin yana duhu daga gefe zuwa tsakiya, da ya huce kuma ya fito ja mai ɗumi wanda ya bambanta da jar da na ɗebo a kwazazzabon. Yanzu kwalabe biyar ke jere a kan tagata. 'Yan Adam sun san wannan aiki tun kafin a san rubutu da nisa: a kogon Blombos da ke gaɓar tekun Afirka ta Kudu, masu binciken tarihi sun tono kwanso biyu na wata halittar teku da aka dama jar ƙasa a cikinsu kimanin shekara 100,000 da suka wuce, tare da duwatsun da aka niƙa ta da su.

Mu masu zanen wannan zamani mun yi nisa da wannan sani ne saboda wani ƙaramin abu mai amfani ƙwarai. A 1841 wani mai zane Ba'amurke, John Goffe Rand, ya yi rajistar bututun ƙarfe mai laushi wanda ake matsawa fenti ya fito a rufe sauran; kafin nan a cikin mafitsarar dabba ake ɗaure fenti, a huda ta idan ana buƙata, abin da ya rage kuma ya yi ta bushewa. Bututun ya sauƙaƙa wa masu zane ɗaukar kayansu su fita fili, kuma ya zo daidai lokacin da wasunsu ke barin birnin Paris suna tarewa a ƙauyen Barbizon, a bakin dajin Fontainebleau, domin su zana itatuwa da gonaki ido da ido. Ba na ƙin bututu, akwatina cike yake da shi, kuma shuɗi da kore ba zan same su a bakin rafin nan ba. Amma abin da ya taimaka wajen kai mai zane karkara shi ne kuma ya sa yana iya tsayawa a kan ƙasa yana zana ta da launin da aka haɗa a wata nahiya, bai taɓa sunkuyawa ya taɓa ta ba.

Barbizon ta dawo mini da wani abu da ya dame ni tun kafin in zo, wato matsayin mutanen da ake zuwa a zauna a cikinsu. Jean-François Millet ya tare a ƙauyen a 1849, ya zauna har rasuwarsa a 1875, yana zana manoma a bakin aikinsu. A Worpswede kusa da Bremen a Jamus, inda masu zane suka fara taruwa a 1889, Paula Modersohn-Becker ta zana matan ƙauye da yara da tsofaffin gidan gajiyayyu da idon da bai ƙawata su ba, bai kuma wulaƙanta su ba. Waɗannan shekaru suka yi a wurin. Mai zuwa na wata biyu kuwa baƙo ne, baƙo kuma raɓa ne, kuma abu ne mai sauƙi ya mayar da mutanen da suka karɓe shi ado a cikin zanensa, ya kwashe fuskokinsu da gajiyarsu ya kai birni a rataye a bango, su kuwa ko labari ba za su ji ba. Ra'ayina a kan wannan ba shi da sassauci: duk masaukin da ya zauna a ƙauye kamar tsibiri, baƙinsa suna leƙen manoma ta taga, ya ci amanar wurin da yake, komai kyawun ayyukan da ke fita daga cikinsa.

Akwai misalan da ke nuna cewa ana iya yin abin da ya fi haka. Masu zanen Barbizon, Théodore Rousseau a gabansu, sun yi ta kai kuka a kan saran tsofaffin itatuwan dajin, har a 1861 aka fitar da dokar da ta keɓe fiye da hekta 1,000 daga gatari. A ƙauyen Sinthian da ke yankin Tambacounda a gabashin Senegal, masaukin Thread da gidauniyar Josef da Anni Albers ta buɗe a 2015 maginan wurin ne suka gina shi, kuma mai tsara ginin, Toshiko Mori, ta lanƙwasa rufin ciyawarsa ta yadda zai tattara ruwan sama ya zuba a ma'ajiyar da mutanen ƙauyen ke amfana da ita. Ɗakunan baƙi biyu ne kawai, sauran filin na taron jama'a ne da karatu. Ni ba ni da rufin da zai tara wa kowa ruwa, abin da ke hannuna kaɗan ne. Ban zana fuskar kowa ba tukuna, kuma ba zan zana ba sai da yardarsa. Na roƙi mai kula da gidan cewa ranar da za a buɗe ɗakunan aiki ga jama'a a ƙarshen zango, a bar ni in nuna wa yaran makarantar ƙauyen yadda ake wanke ƙasa. Na kuma kai wa dattijon nan mai gonar guntuwar takarda da na shafa wa launuka biyar na ƙasarsa. Ya juya ta a hannunsa, ya ɗora yatsa a kan na uku, ya ce wannan ba daga gonarsa yake ba. Na ce, "Rawayar nan ce, Baba, gasa ta na yi." Ya gyaɗa kai ya ce ai haka tukunya take yi idan ta sha wuta.

Shirun da nake aiki a cikinsa ma wasu ne ke ƙera shi kowace rana. Akwai mai girki da ke tashi kafin mu, da saurayin da ke ɗaukar kwanduna ya bi ɗakuna biyar a ƙafa ya ajiye ba tare da motsin da za a ji ba, da mai kula da gidan wadda rabin yininta ke tafiya wajen rubuta wasiƙun neman tallafi domin zango mai zuwa ya yiwu. Idan na tuna Marian MacDowell tana bin gari-gari har girma ya kama ta domin wani da ba ta sani ba ya samu ɗaki a daji, sai in ga cewa haka lamarin yake tun farko. A gida ma, duk awar da nake nan wasu ne suka karɓi ajina da hidimata suka riƙe mini. Wannan sani ne ya sa maganar "babu wanda zai tambaye ki" ta yi mini nauyi a makon farko, har na so in biya bashin da yawan zane. Yanzu na fahimci cewa cika bango da ƙananan zane irin waɗanda zan iya yi a kan teburina na gida shi ne zai zama ɓarnar abin da waɗannan mutane suka ba ni. Shekaranjiya na je ofishin mai kula da gidan na gaya mata cewa zane 12 da na yi alkawari ba za su samu ba, wataƙila uku, wataƙila biyu. Ta ce takardar neman gurbi ba igiya ba ce da ake ɗaure kowa da ita, sa'an nan ta tambaye ni ko ina buƙatar ƙarin bokitai.

A farkon makon nan na jiƙa babbar takarda, wadda faɗinta ya fi hannuwana biyu a buɗe, na manne gefunanta a kan allo ta bushe ta miƙe. Fentin ƙaro yana da halinsa: ko ya bushe, ruwa yana sake tayar da shi, saboda haka kowane shafi sai ya bushe sarai kafin a ɗora wani, kuma na saman dole ya wuce sau ɗaya da sauƙin hannu, ba a komawa baya. Ina shafa ɗaya da safe, in zauna ina kallonsa yana sauyawa, domin launin ƙasa yana yin haske idan ruwansa ya tafi, in yi tafiyata zuwa rafi, in dawo in yanke shawarar na gaba. Shafi shida ke kan takardar yanzu, kuma abin da ke fitowa shi ne gaɓar kwazazzabon kamar yadda na fara ganin ta bayan ruwa, ja a tsakiya, da wurin siririn layin rawaya wanda na bari fari tukuna domin garin da na wanke na ƙarshe bai gama kwanciya ba. Baƙin saman ne ban samu ba har yanzu. Ƙasar noma idan an wanke ta toka-toka take fitowa, gawayin da na niƙa kuma ya yi sanyi da yawa kusa da jar. Dattijon ya ce akwai wata ƙasa mai duhu a hayin rafi, wajen da ruwa ke kwanciya, kuma idan ba a yi ruwa da daddare ba, gobe da hantsi zai tsallaka da ni, in zo da bokiti biyu.